Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Shekarun Farko na Ƙungiyoyin Baƙin Wasanni



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne tarihin ƙungiyoyin wasa na 'yan sa-kai, watau irin ƙungiyoyin nan da mutane ke kafawa da kansu don sha'awa, ba don albashi ba, musamman idan wasan baƙo ne a ƙasar da aka kai shi. Wataƙila wani ya ce wasa ai wasa ne, bai kai a tara mutane a zauren jami'a a kansa ba. To, amma mai nazarin tarihi ya san cewa abin da ke rayar da ƙungiyar wasa ko ya kashe ta, shi ne dai ke rayar da ƙungiyar manoma, da ta 'yan kasuwa, da makarantar da gari ya gina da kansa. Saboda haka wanda ya fahimci wannan, ya fahimci wancan.

Tambayar da ke gabanmu guda ce. Me ya sa wani baƙon wasa yakan zo gari ya zauna har ya zama ɗan gida, wani kuwa ya zo ya yi 'yan shekaru ana sha'awarsa, sa'an nan ya ɓace kamar ba a yi shi ba? Amsar da zan kawo ita ce, al'amarin yakan yanke ne tun a shekarun farko na ƙungiya, kuma abin da ke yanke shi shi ne ko wasan ya fita daga hannun waɗanda suka kawo shi ya shiga hannun 'ya'yan gari, ko bai fita ba. Hausawa sun riga sun taƙaita zancen da suka ce, baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Don in kafa hujja, zan fara da wani wasa na nesa, ƙwallon Ostareliya. Na zaɓe shi ne domin wasa ne guda da aka kai ƙasashe dabam-dabam, ya mutu a wasu, ya rayu a wasu, har ya zama kamar gwajin da malamin kimiyya ke yi. Daga nan sai mu dawo gida, mu duba Katsina da Kano, sa'an nan mu ƙare a ƙasarmu ta Dutse.

Asalin Ƙwallon Ostareliya

Ran 10 ga watan Yuli 1858 wata jarida ta birnin Melbourne ta buga wasiƙar wani saurayi mai suna Tom Wills, gwanin wasan kurket, wanda ya yi karatu a makarantar Rugby ta Ingila. A ciki ya ba da shawara a kafa kulob na ƙwallon ƙafa, don kada jikin 'yan kurket ya mutu a lokacin hunturu, sa'ad da ba a wasansu. Ran 17 ga watan Mayu 1859 shi da abokansa suka zauna suka rubuta dokoki goma na kulob ɗin Melbourne. A cikin wannan shekara aka kafa wani kulob a garin Geelong. Ya kamata a lura cewa wannan ya riga kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wadda sai 1863 ta tsara dokokin ƙwallon da muka sani.

Wasan ya sha bamban da namu ƙwarai. Ƙwallon dogo ne kamar ƙwai, filin ma haka yake. Kowane ɓangare mutum 18 ne, watau mutum 36 ke nan a cikin fili. Ana buga ƙwallon da ƙafa, ana kama shi da hannu, ana naushinsa zuwa ga aboki, amma ba a jefa shi. Mai gudu da shi tilas ya buga shi a ƙasa kowane mita 15. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu: wanda ya buga ƙwallo da ƙafa ya bi ta tsakanin dogayen biyu na tsakiya ya sami maki 6, in ya bi ta gefe, maki 1. Tsawon filin yakan kama daga mita 135 zuwa 185, alhali kuwa filin ƙwallon ƙafa irin namu bai fi kamar mita 105 ba. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don a ga wahalar da ke jiran duk wanda ya ɗauki wannan wasa ya kai shi wata ƙasa: yana bukatar ƙaton fili da babu irinsa, da mutum 36 da suka san dokar da ba kowa ya taɓa jin ta ba.

Inda Ya Mutu

Wurin farko da za mu duba shi ne Afirka ta Kudu. Da aka gano zinariya a ƙasar Taransbal, mahaƙa daga Ostareliya suka kwararo can a cikin shekarun 1890, suka zo da wasansu. Sa'an nan yaƙin da aka yi tsakanin Turawan Ingila da Turawan Bowa, daga 1899 zuwa 1902, ya kawo sojoji daga Ostareliya, wasu kuma suka zauna bayan yaƙi. Aka kafa ƙungiyoyi a Johannesburg da kewayenta, ana gasa, ana cin kofi. Wanda ya ga abin a lokacin zai ce wasan ya kafu. Amma ƙungiyoyin nan na baƙi ne, baƙi ke bugawa, baƙi ke kallo. Ba su shiga makarantu sosai ba, balle su kai ga baƙar fata, waɗanda su ne mafi yawan mutanen ƙasar. Da mahaƙan suka watse, sai wasan ya bi su. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka sake shuka shi daga tushe, a lardin Arewa maso Yamma na ƙasar, kuma a wannan karo da yaran baƙar fata aka fara.

Haka aka yi a Niyu Zilan. Wasan ya yi ƙarfi can a farkon ƙarni na 20, har ƙasar ta aika da 'yan wasa babbar gasar da aka yi a Melbourne a 1908, suka kuma ci wasu wasanninsu. Amma rugubi ya riga ya mallaki makarantun ƙasar, da Yaƙin Duniya na Farko ya kwashe samari, sai ƙungiyoyin suka durƙushe. A Landan ma, ran 28 ga watan Oktoba 1916, sojojin Ostareliya sun yi wani babban wasa na nuni, jama'a suka taru suka kalla. An tashi daga kallo, kowa ya kama gabansa, ba a bar ko ƙungiya ɗaya ta 'yan gari ba. Darasin da ke nan shi ne, taron 'yan kallo ba shi ne kafuwar wasa ba.

Inda Ya Rayu

Yanzu sai mu juya ga wani ɗan tsibiri a tekun Fasifik mai suna Nauru, wanda faɗinsa duka bai wuce murabba'in kilomita 21 ba. 'Ya'yan tsibirin da aka kai makaranta a jihar Biktoriya ta Ostareliya sun koma gida da wasan, suka koya wa ƙannensu. Ba su da fili mai ciyawa, sai suka yi ta bugawa a kan tsakuwa da ƙurar ma'adinin fosfat da ake haƙa a tsibirin. Yau wannan wasa shi ne wasan ƙasa a Nauru. A Papuwa Niyu Gini kuma malaman makaranta da sojoji ne suka kai shi, 'yan ƙasa suka karɓa, har ta kai ga sun ci gasar duniya ta 'yan sa-kai, wadda aka fara a Melbourne a 2002, sau uku: 2008, da 2014, da 2017.

Misalin da ya fi nuna yadda shekarun farko suke shi ne na Denmak. A 1989 wani mutumin Ostareliya mazaunin Kofenhagen, mai suna Mick Sitch, ya sa talla a jarida yana neman duk mai sha'awa ya same shi a wani dandalin shaƙatawa na birnin su ɗan buga ƙwallo. Ba hukuma, ba kuɗi, ba fili nasu. Sannu a hankali masu zuwa suka yi yawa, kuma da yawansu 'yan Denmak ne. Maimakon su zauna ƙungiya ɗaya mai ƙarfi wadda ba ta da abokin karawa, sai suka raba kansu gida uku, suka fara gasa tsakaninsu a 1991. Wannan dabara ce babba, domin ƙungiyar da ba ta da wanda za ta kara da shi, mutanenta sukan gaji da atisaye su daina zuwa. Daga baya wasu garuruwa suka shigo, har da na maƙwabciyarsu Suwidin, aka kuma buɗe sashen yara a garin Farum.

A Amurka an yi wasan farko tsakanin ƙungiyoyin Cincinnati da Louisville a 1996, aka kafa hukumar ƙasa a 1997. Hukumar ta sa doka cewa a gasarta ta ƙasa, aƙalla rabin 'yan wasan da ke cikin fili su zama Amurkawa. Watau ƙungiya ta yarda ta ajiye gwaninta baƙo a benci don ɗan gari da bai ƙware ba ya sami wuri. A ƙasashen Turai kuma, da aka rasa ƙaton fili da mutum 36, sai aka rage wasan ya koma mutum 9 kowane ɓangare, a filin ƙwallon ƙafa ko na rugubi. Abubuwa uku ke nan suka bayyana: a jawo yaran gari, a daidaita wasa da abin da ƙasa ke da shi, a kuma samar da abokan karawa na kusa. Mu riƙe su, mu dawo gida mu auna.

Katsina: Kurket da Fayis

An buɗe Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya yi bukin buɗe ta a watan Maris 1922. Malamanta Turawa sun zo da wasannin makarantun ƙasarsu, daga ciki har da kurket da fayis. Kurket babban wasa ne a Ingila, malaman kuma sun ba shi ƙarfi. Fayis kuwa ƙaramin wasa ne ko a can. Asalinsa daga makarantar Eton yake, inda yara suka riƙa buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bangon majami'ar makarantar. Ana yinsa ne a wani ɗaki marar rufi mai bango uku, mutum biyu da mutum biyu. Wani malami Bature mai suna Hogben shi ake dangantawa da shigo da shi Arewa a cikin shekarun 1920.

Da a ce an tambayi Turawan nan wanne ne zai ɗore, da kurket za su ce. Amma ba haka ta kasance ba. Kurket na bukatar sanduna da ƙwallo da kayan kare jiki waɗanda sai an yi odarsu daga Ingila, da fili mai laushi, da mutum 22, da yini guda. Saboda haka a ƙasar Hausa bai iya ƙetare shingen makaranta ba. Fayis kuwa bango yake so, magina kuma ba su yi wa Katsina ƙaranci ba. Mutum huɗu sun isa, tsakanin la'asar da magariba an gama. Ƙaramin ƙwallo mai tauri da ake amfani da shi a Ingila, aka musanya shi da ƙwallon tanis wanda ake samu a kasuwa. Watau abin da Turai ta yi wa ƙwallon Ostareliya a ƙarshen ƙarni, mutanen Arewa sun riga sun yi wa fayis tun da daɗewa.

Daɗin daɗawa, Kwalejin Katsina makarantar horon malamai ce. Duk wanda ya gama, sai a tura shi Midil ta lardinsu ya koyar, ya tafi da wasan a hannunsa. Ahmadu Bello ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, ya zama shugaban 'yan fayis na makarantar, ya koma Sakkwato ya koyar a Midil. Bai bar wasan ba har ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, kuma sha'awarsa ta ƙara wa wasan daraja a idon ma'aikata. Kwalejin ta tashi zuwa Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa, amma fayis bai tashi daga Katsina ba, domin ya riga ya fita gari. An kashe Sardauna a watan Janairu 1966, wasan bai mutu da shi ba, ana ma gasar cin kofin da aka sa wa sunansa. A Ingila fayis ya tsaya galibi a 'yan makarantun masu hali da tsofaffin ɗalibansu, a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi kuwa ya zama wasan 'yan unguwa.

Katsina: Ƙwallon Dawaki

Labarin holo, watau ƙwallon dawaki, ya bi wata hanya dabam, amma inda ya fito ɗaya ne. Shi ma ba na Turawa ba ne tun asali. Tsohon wasa ne na ƙasar Farisa da Asiya, hafsoshin Ingila suka tsince shi a Indiya a tsakiyar ƙarni na 19. Su ne suka kawo shi Nijeriya, aka kafa kulob a Ikko a 1904, daga baya kuma a Kaduna, inda ake gasar kofin Jojiya. A farko wasan hafsoshi ne da su Razdan da Di'o, ɗan ƙasa kuwa iyakarsa riƙon linzami.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya tafi aikin Hajji a 1921, ya kuma ziyarci Ingila a wannan tafiya. A zamaninsa ne, cikin shekarun 1920, holo ya kafu a Katsina a hannun 'ya'yansa da mutanensa. Abin da ya sauƙaƙa shi ne ƙasar ta dawaki ce tun fil azal. Akwai barga, akwai masu kiwo, akwai masu sirdi da linzami, akwai samarin da suka tashi a kan doki saboda sukuwa da hawan salla. Abin da ya rage kawai shi ne sanda da ƙwallo da doka. Ɗansa Usman Nagogo, Sarkin Katsina daga 1944 zuwa 1981, ya zama gwanin da ake kwatance da shi a Nijeriya duka, 'yan wasan Katsina kuma suka riƙa kayar da ƙungiyoyin Turawan da suka kawo wasan. Daga Nagogo abin ya gangaro ga 'ya'yansa, irin su Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman. Turawan mulki sun tafi a 1960, holo bai ko girgiza ba. Sai dai fa ba za a ɓoye ba, tsadar doki ta sa ya tsaya a gidajen sarauta da na attajirai, bai zama na kowa ba kamar fayis.

Kano: Ƙwallon Ƙafa

Babu baƙon wasan da ya zama ɗan gida kamar ƙwallon ƙafa. Wasan farko da aka rubuta labarinsa a Nijeriya shi ne na Kalaba a 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai ma'aikatan reluwe da akawuna da sojoji suka hau da shi Arewa, makarantu kuma suka karɓa. Ba ya bukatar komai sai fili da abin bugawa. Inda babu ƙwallon fata, yara suka ɗaure tsumma suka yi tamaula, suka kafa duwatsu biyu a maimakon raga. Ko 'yan wasan Nijeriya da suka ziyarci Ingila a 1949, yawancinsu ba takalmi suka buga. An fara gasar kofin Gwamna a 1945, ƙungiyoyin Ikko suka yi ta cinyewa, sai a 1953 Kano ta zama ta farko daga wajen Ikko da ta ɗauke shi.

Amma a nan akwai abin lura, domin kafuwar wasa dabam, ɗorewar ƙungiya dabam. Manyan ƙungiyoyin Kano galibi na kamfanoni ne da ma'aikatu, ba na 'yan ƙungiya masu biyan kuɗin wata ba. Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan 'yan kasuwar gyaɗa, ta ci gasar ƙasa a 1978, yau kuwa babu ita. A 1990 sai da aka haɗe ƙungiyoyi uku, da ta hukumar ruwa ta WRECA, da Golden Stars, da ta Bankin Arewa, aka sami Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, tana hannun gwamnatin jiha. Kulob ɗin Melbourne da na Geelong kuwa, waɗanda 'yan sa-kai suka kafa, suna nan da sunayensu sama da shekara 160. Bambancin shi ne, su na mambobinsu ne. Ƙungiyar da ta jingina da mutum ɗaya, ko kamfani ɗaya, ko kasafin kuɗin shekara ɗaya, ranar da majinginar ta kau, ita ma ta faɗi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ina Muka Tsaya?

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga watan Agusta 1991, daga tsohuwar Jihar Kano. Ƙaramar Hukumar Buji, mai hedkwata a Gantsa, ta fito daga Birnin Kudu a 1996. Idan aka auna da tarihin da muka bi, to, hukumominmu da ƙungiyoyinmu duk suna cikin shekarunsu na farko ne, watau daidai lokacin da al'amari ke yankewa. Jiha tana da ƙungiyarta, Jigawa Golden Stars, wadda gwamnati ke riƙe da ita. Amma ainihin ƙwallon ƙasar nan ba a can yake ba. Yana filayen firamare da bayan gari, daga Gantsa zuwa Kiyawa, daga Gwaram zuwa Jahun, inda samari ke haɗa kuɗi su sayi riguna, su yi hayar mota ranar wasa. Waɗannan su ne 'yan'uwan mutanen nan na dandalin Kofenhagen. Nawa ne daga cikinsu za su kai shekara 20 da suna ɗaya? Sau da yawa ƙungiya takan tashi da kakar zaɓe, wani mai neman kujera ya saya mata riguna da sa kofi, zaɓe na wucewa ta watse. Ko kuwa samarin da suka kafa ta su tafi cin rani, ko su yi aure, ba su bar na baya ba.

Saboda haka ina da shawarwari huɗu, kuma duk daga tarihin nan na ciro su. Ta farko, ga ma'aikatan ƙasa da safiyo da na ƙananan hukumomi: a tsare filayen wasa na makarantu da na gari, a sa musu iyaka a rubuce, kada a yanka su fuloti. Fayis ya rayu ne don bangonsa na nan tsaye. Ta biyu, ga malaman makaranta da jami'an ilmi: kowace ƙungiyar gari ta ƙulla da wata firamare ko sakandare, ta kafa sashen yara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nauru da Katsina duk ta ƙofar makaranta wasa ya shiga. Ta uku, ga jami'an wasanni: gasa ƙarama ta gunduma, wadda ake yi kowace shekara ba fashi, ta fi babban buki guda da za a kashe kuɗi a watse. Wasan Landan na 1916 ya tara jama'a bai bar komai ba, ƙungiyoyi uku na Denmak kuwa sun haifi gasa. Ta huɗu, ga 'yan ƙungiya kansu: su sa wa kansu kuɗin wata komai ƙanƙantarsa, su zaɓi ma'aji da magatakarda, su karɓi gudummawar mai hali amma kada su sayar masa da sunan ƙungiya.

Ga ɗalibai kuma akwai aiki na musamman. Takardar da Tom Wills da abokansa suka rubuta dokokinsu a 1859 tana nan a ajiye a Melbourne har yau, shi ya sa na iya gaya muku rana da wata. Mu kuwa tarihin ƙungiyoyinmu yana cikin kawunan dattawan da suka buga wa makarantun Birnin Kudu da Dutse ƙwallo tun muna cikin Jihar Kano, kullum kuma raguwa suke yi. Duk ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ya je garinsu ya zauna da su, ya rubuta wa ya kafa ƙungiya, a wace shekara, a wane fili, da kuɗin wa, me kuma ya kashe ta. Ya nemi tsofaffin hotuna da littattafan taro, ya kai kwafinsu ɗakin karatu na jami'a. Haka nan kada a manta da namu na gado, dambe da kokawa da langa. Dambe ma yanzu baƙo ne a wasu wurare, ya bi Hausawa zuwa Ikko da Abuja, kuma dokar da ta hau ƙwallon Ostareliya a Johannesburg za ta hau shi can.

Kammalawa

Jama'a, mun ga wasa ɗaya ya mutu a Afirka ta Kudu da Niyu Zilan, ya rayu a Nauru da Denmak. Mun ga malamai ɗaya sun kawo kurket da fayis makaranta ɗaya, ɗaya ya tsaya a bakin shinge, ɗaya ya shiga gari. Mun ga holo ya sami dawaki suna jiransa a Katsina, mun kuma ga ƙwallon ƙafa ya mamaye ƙasa alhali ƙungiyoyinsa na faɗuwa da faɗuwar iyayen gidansu. Ba kyawun wasa ke zaunar da shi ba, ba kuma ƙarfin wanda ya kawo shi ba. Abin da ke zaunar da shi shi ne yaran gari su karɓa, a yi shi da abin da ƙasa ke da shi, masu yinsa kuma su ɗauki nauyinsa da kansu. Wannan hukunci bai tsaya ga wasa kaɗai ba. Duk wani shiri da aka kawo mana daga waje, na noma ne ko na lafiya ko na ilmi, ma'aikacin da aka danƙa wa shi ya tambayi kansa tun a shekarar farko: in waɗanda suka kawo shi suka tafi gobe, wa zai buɗe ƙofa jibi?

Shugaba, a nan zan dakata, in bar sauran lokaci don tambayoyi da ƙarin bayani daga waɗanda suka ga wasu abubuwan nan da idonsu.